Tiyatar Dajin Maƙoshi: Kada Garin Neman Gira A Rasa Ido

Ƙididdigar hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta nuna cewa a shekarar 2022 mutane fiye da 500,000 ne suka kamu da dajin maƙoshi, watau bututun da abinci ke bi zuwa ciki. Da yawa daga cikinsu tiyata ce babbar madogararsu. Sai dai abin da ya fi kayar da majiyyaci bayan wannan aiki shi ne ciwon huhu.

Dalili kuwa a fili yake. Maƙoshi yana kwance ne a tsakanin huhu biyu, a bayan zuciya. Kafin likita ya kai gare shi ta ƙirji, sai an sace iskar huhun dama, a bar na hagu yana ɗauke da nauyin numfashi shi kaɗai. Bayan an farka kuma, zafin haƙarƙari yakan hana majiyyaci tari, majina ta taru, cuta ta samu wurin shiga.

An samu ci gaba ta fuska biyu. A 2006 likitocin birnin Marseille na Faransa suka nuna cewa idan aka rage iskar da inji ke hurawa cikin huhu ɗaya daga mililita 9 zuwa 5 a kowane kilo na nauyin jiki, kumburi yakan ragu, a kuma cire majiyyaci daga inji da wuri. A 2012 kuma wani gwaji a kan mutane 115 a Holan da Sifen da Italiya ya nuna cewa masu kamuwa da ciwon huhu a mako biyun farko kashi 29 ne cikin ɗari idan an buɗe ƙirji, amma kashi 9 kacal idan an yi aikin ta ƙananan kafofi da kyamara.

Abin lura shi ne, hanya ta biyu tana bukatar kayan aiki masu tsada, ta farko kuwa ilmi kawai take bukata. Haka ma barin taba makonni kafin tiyata, da koyar da motsa numfashi, da kashe zafin ƙirji, da tayar da majiyyaci ya taka da wuri.

Saboda haka ya kamata masu tsara kasafin asibitoci su tuna cewa injin da ba shi da gwani ƙarfe ne kawai. A ware wa horar da likitocin sa barci da ma'aikatan jinya kasonsu tun kafin a yi odar na'urori.