MU ZAGA DUNIYA: DEARBORN, GARIN FORD

Masu karatu, a wannan wata tafiyarmu ta kai mu Amurka, can Jihar Michigan, wajen manyan tafkunan nan da ke tsakanin Amurka da Kanada. Garin da za mu duba sunansa Dearborn. Watakila da yawanmu ba mu taɓa jin sunan ba, amma babu wanda bai san motar Ford ba, nan kuwa shi ne gidan ubanta.

Dearborn yana cikin irin garuruwan nan da ke manne da babban birni. Yana yamma da birnin Detroit, sun haɗe sarai, har mutum ya iya tsallake titi ɗaya ya fita daga wannan ya shiga wancan bai sani ba. Duk da haka kowanne yana da nasa magajin gari, da 'yan sanda, da makarantu, da haraji. A riƙe wannan, gama za mu komo kansa. A ƙidayar 2020 an sami mutum 109,976 a garin. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ba dutse ba tudu. Sanyi kuwa, hunturunmu wasan yara ne a wurinsu, domin daga Disamba zuwa Maris ƙanƙara ce ke sauka, ruwa ya daskare a tafki.

Wani ƙaramin kogi ya ratsa garin, ana ce da shi Rouge, watau "ja" da Faransanci, gama Faransawa ne suka kafa Detroit a 1701. Kogin ba abin kallo ba ne, amma yana zuba cikin Kogin Detroit, shi kuma ya haɗa da manyan tafkuna, inda jiragen ruwa ke yawo kamar a teku. Arzikin garin duka a kan wannan ruwa ya tsaya.

Da fari dai ƙauyen manoma ne a bakin hanyar da ta tashi daga Detroit zuwa Chicago. A 1833 gwamnati ta soma gina ma'ajiyar makamai a wurin, sunan kuwa an ɗauko shi daga wani janar, Henry Dearborn. A wata gona ta wannan yanki aka haifi Henry Ford a 1863. Yaron bai son noma, sai kwance agogo da ɗaurawa. Yana da shekara 16 ya tafi Detroit koyon aikin inji. A 1903 ya kafa kamfaninsa, a 1908 ya fito da motar Model T, mai araha wadda manomi zai iya saye. A 1914 ya yi abin da ya girgiza duniya: ya sa ladan ma'aikaci ya kai dala 5 a yini, fiye da ninkin abin da yake biya a dā. Labarin ya kai ƙauyukan Turai, da Kudancin Amurka, da duwatsun Lebanon, mutane suka ɗaura kaya.

A lokacin nan masana'antarsa tana wani gari ne, Highland Park. Daga 1917 ya soma gina sabuwa a bakin Rouge, kusa da inda aka yanke masa cibiya, ba a gama ba sai 1928. Tsawonta mil ɗaya da rabi, faɗinta mil ɗaya. Nufin Ford shi ne kada ya dogara ga kowa. Jiragensa su kawo tama daga arewa ta kan tafki, jirgin ƙasa ya kawo kwal daga kudu, a narka ƙarfe a nan, a yi gilashi a nan, wutar lantarki ma tasu ce. Tama ta shiga ta wannan ƙofa, mota ta fita ta waccan da ƙafafunta. Cikin shekarun 1930 akwai lokacin da ma'aikatan wurin suka zarce 100,000.

To, mai ba ka tuwo shi ne mai iya hana ka. Da tattalin arzikin duniya ya karye bayan 1929, aka sallami dubbai. Ran 7 ga Maris 1932 marasa aiki kamar 3,000 suka taso daga Detroit a ƙafa cikin tsananin sanyi, suka nufi ƙofar masana'antar don su kai kukansu. 'Yan sandan Dearborn da masu gadin kamfani suka buɗe wuta. Mutum huɗu suka mutu a ranar, na biyar ya cika daga baya. A 1937 kuma 'yan gadin suka yi wa shugabannin ƙungiyar ƙwadago dūkan kawo wuƙa a kan wata gada da ke bakin ƙofa, aka yi rashin sa'a masu ɗaukar hoto suna wurin. Sai a 1941, bayan yajin aiki, Ford ya yarda ya sa hannu da ƙungiyar. Muna girmama hazaƙar mutumin nan, amma ba za mu ɓoye wa yaranmu wannan ba, ko kuwa ƙiyayyar Yahudawa da jaridarsa ta yi ta bazawa, har ya nemi gafara a 1927.

Yanzu mu komo kan maganar iyakar nan ta titi ɗaya. Ford ya ɗauki baƙaƙen fata aiki da yawa, fiye da sauran kamfanonin mota na zamaninsa, ko da yake galibi a ɗakin narka ƙarfe aka sa su, inda zafi da haɗari suka fi yawa. Ƙofar masana'anta a buɗe take gare su. Ƙofar gidajen garin ce a rufe. In an tashi aiki sai su kama hanyar Detroit, ko wani ƙaramin gari da ake kira Inkster, can iyalinsu suke. Harajin masana'antar da guminsu ya gina yana shiga asusun Dearborn, a gyara tituna da makarantun da 'ya'yansu ba za su shiga ba. Orville Hubbard, wanda ya yi magajin gari daga 1942 zuwa 1978, bai ma ɓoye ra'ayinsa na wariya ba. Takensa shi ne a bar gari da tsabta, kowa kuwa ya gane irin tsabtar da yake nufi. Mutanen gari suka yi ta zaɓensa shekara 36, saboda yana kwashe shara da ƙanƙara a kan kari. Wannan ya fi ba mu tsoro bisa ga halin mutumin kansa.

Akwai wata unguwa a kudu maso gabas, dab da katangar masana'antar, inda hayaƙi ke sauka a kan shanya. Mai hali ba ya zama a can, saboda haka baƙi suka samu wuri, daga Italiya, da Poland, da Romaniya, da ƙasashen Larabawa. Larabawan farko da suka zo yankin Detroit galibinsu Kiristoci ne daga Lebanon da Siriya, 'yan koli masu yawo gida gida. Irin ƙaurar nan ce ta kawo mana waɗanda muke kira Kwara a Kano. Musulmi suka biyo baya neman aikin Ford, har daga Yaman. Hukumar gari ta so ta rushe unguwar ta ba masana'antu filin, mazauna suka kai ƙara kotu, aka tsayar da rusau a 1973. Yaƙin basasar Lebanon da ya soma a 1975 ya koro wasu dubbai, na Iraki suka zo bayan 1991. Suka sayi kantunan da Turawa suka bari a titin Warren, suka buɗe gidajen burodi, da mahauta, da gidajen mai.

Ana cikin haka aikin mota ya ja baya. Injuna suka karɓe aikin hannu, motocin Japan suka shigo kasuwa. Detroit, mai mutum kusan miliyan 1 da dubu 850 a 1950, ta koma 639,111 a 2020, ta kuma kai ga shelar fatara a 2013. Dearborn bai faɗi haka ba. Hedkwatar Ford tana garin, da ofisoshin injiniyoyinta, ga reshen Jami'ar Michigan, ga gidan tarihin da Ford ya buɗe a 1929 wanda ke jawo baƙi. A bakin Rouge ana ƙera motar ɗaukar kaya F-150, sai dai ma'aikatan ba su kai kashi ɗaya cikin goma na dā ba. Kogin ma, wanda ƙazantar mai ta sa ya kama wuta a 1969, an yi shekaru ana share shi har kifi ya soma komowa.

Ƙidayar 2020 ta nuna fiye da rabin mutanen garin asalinsu daga Gabas ta Tsakiya ne ko Arewacin Afirka. A 2005 aka buɗe gidan tarihin Larabawan Amurka, daura da ofishin da Hubbard ya yi mulki. Mutum-mutuminsa da ke gaban ofishin an ɗauke shi a 2015. A 2021 kuwa garin ya zaɓi Abdullah Hammoud, ɗan wasu baƙi daga Lebanon, ya zama magajin gari yana da shekara 31. Baƙaƙen fata dai har a ƙidayar nan 'yan kaɗan ne a Dearborn, alhali a Detroit, tsallaken titi, su ne mafi yawa.