Baudeta: Wa zai horar da masu kula da nakasassu a ƙauyuka?

A takarda, Nijar ba a bar ta a baya ba wajen kare haƙƙin masu buƙata ta musamman. Tun 1993 aka kafa dokar farko da ta shafe su, a 2008 ƙasar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu, sannan aka sabunta tsarin da dokar 10 ga Disamba 2019. Har kashi 5 cikin 100 na guraben aiki aka ware masu. Ƙidayar jama'a ta 2012 kuwa ta nuna cewa kashi 4,2 cikin 100 na ƴan ƙasa na da wata nakasa.

Sai dai a kwamin ta karkara irin Baudeta, cikin gundumar Tasawa ta jahar Maraɗi, da ƙauyukan Mayahi, gurbin aikin ofis ba shi ne damuwar farko ba. Nauyin yaron da sanƙarau ya kurmantar, ko dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye, yana wuyan uwa ne ko kaka, ko yarinyar da aka cire daga lakkol don ta zauna da shi. Idan maza suka tafi cin rani, aikin sai ya ninka. Ƙwararrun masu gashin ƙashi da masu haɗa ƙafar roba kuma a manyan birane suke, ko a cibiyoyi irin asibitin Danja da ke kusa da Maraɗi, wanda ya daɗe yana kula da kutare.

A nan ne batun horar da ƴan sa kai ya shigo. Hukumar lafiya ta duniya OMS ta daɗe tana kira da a kai aikin farfaɗo da nakasassu cikin unguwanni da ƙauyuka, har ta fitar da jagora a kai a 2010. Nijar kuwa tana da tushen da za ta ɗora: ƴan sa kai na lafiya da aka fi sani da rele, waɗanda tuni suke duba yara masu zazzaɓin cizon sauro, zawo da ciwon haƙarƙari a ƙauyukan da ke nesa da likita.

Abin da za a ƙara masu ba mai tsada ba ne. Su iya gane yaron da ya makara wajen zama ko magana, su tura shi likita da wuri. Su nuna wa uwa yadda za ta zaunar da ɗanta lokacin cin abinci don kada ya shaƙe, da yadda ake juya majinyacin da ke kwance kafin gyambo ya kama shi. Su faɗakar cewa farfaɗiya ba a ɗaukarta, tana da magani, kuma ba a cusa wa mai ita komai a baki. Ita ma mai jinyar tana buƙatar wanda zai karɓe ta, ko na yini ɗaya, ta je kasuwa ko gona.

Matsalar ita ce ɗorewa. Galibin irin wannan horo kuɗin ƙungiyoyin waje ne ke ɗaukarsa, tallafin kuma ya ragu bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ya ƙara raguwa da Amurka ta datse agajinta a 2025. Ɗan sa kai da ba shi da alawus, ba mai bibiyar aikinsa, damina na faɗuwa zai koma gonarsa.

Don haka ido na kan kantomomin da ke riƙe da kwaminoni tun bayan rusa majalisunsu a Afrilu 2024. Su ke iya ware wa aikin wani abu a kasafin kuɗi, su ɗora sa ido a kan cibiyoyin lafiya na CSI, su jawo masu gari da limamai. Tarayyar ƙungiyoyin nakasassu ta ƙasa FNPH ma tana da rawar takawa: gurgu ko makahon da ya koyi sana'a ya fi kowa iya shawo kan uban da ke ganin ɗansa ba shi da makoma sai bara.