Wai likitan al'umma duba-gari ne?

Akwai wata magana da ke yawo a majalisun unguwar nan, daga bakin tashar Jabi har Ɗaki Biyu, wadda ya kamata a taka mata birki. In aka ce ɗan wane ya gama karatun likita, ya yi hidimar ƙasa, yana shirin jarabawar shiga ƙwarewa, sai kowa ya ce madalla. Da an ce fannin lafiyar al'umma ya zaɓa, sai fuska ta sauya. Wai duk wahalar shekara shida a jami'a, a ƙare a duba-gari? Wai likita na gaske shi ne mai fiɗa. To mu dai mun ce wannan magana jahilci ce, kuma yaranmu ne suke biyan kuɗinta da rayukansu.

Bari mu fara da abin da ake raina ɗin. Likitan da ke son ƙwarewa a Najeriya yakan bi ta kwalejin ƙwarewar likitoci ta ƙasa da ke Ijanikin a Legas, wadda aka kafa a 1979, ko takwararta ta Afirka ta Yamma. Jarabawar farko ita suke kira firamare. Mun tambayi yaranmu masu wannan karatu abin da suke kwana suna haddacewa, sai muka ji ashe lungunmu ne aka rubuta a littafi.

Suna koyon ƙirga cuta: mutum nawa suka kamu sababbi a wannan watan, mutum nawa ne kuma gaba ɗaya ke ɗauke da ita yanzu. Kowane ɗan kasuwa ya san bambancin kayan da suka shigo yau da abin da ke jibge a sito, kuma wanda bai raba biyun ba karyewa zai yi. Suna koyon cewa rigakafi hawa uku ne. Na farko a hana cuta shigowa, da ruwa mai tsafta da masai da allura. Na biyu a gano ta da wuri, kamar awon ciki da gwajin hawan jini. Na uku a rage ɓarnar da ta riga ta yi. Mu kuwa hawa na ukun kaɗai muka sani. Sai yaro ya galabaita a saɓa shi a kafaɗa a nufi asibitin tarayya na nan Jabi, a sayar da babur a biya kuɗin gado.

A 1854 kwalara ta ɓarke a wata unguwa ta Landan. Wani likita, John Snow, ya bi gida-gida yana rubuta inda aka yi mutuwa da inda ake ɗebo ruwa, ya gano famfo ɗaya ne tushen bala'in, aka cire hannun famfon. Bai yanka kowa ba. Yanzu ku dubi namu. A 2021 mutum sama da 100,000 aka yi zargin sun kamu da amai da gudawa a ƙasar nan, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Abuja ba ta tsira ba. Ƙa'idar da ake koyarwa ita ce a bar kamar mita 30 tsakanin rijiya da ramin masai. Don Allah, mai gidan hayar da ya yanka ɗaki goma sha biyu ya haƙa masai ɗaya a gindin rijiya, ya taɓa aunawa? Wa ya taɓa tambayar ɗan ga-ruwa inda ya ɗebo, ko yaushe ya wanke jarkokinsa? Mun iya ciniki a kan naira hamsin, amma abin da za mu ɗura wa jariri ba ma tambaya.

In gudawar ta zo kuma, sai a ruga kemis a ce lallai sai an sa ƙarin ruwa, don a wajen wasunmu abin da ba a huda fata ba ba magani ba ne. Alhali ruwan gishiri da sukari ya ceci yaran da ba sa ƙirguwa: ruwa mai tsafta lita ɗaya, sukari ƙaramin cokali shida, gishiri rabin ƙaramin cokali, in ba a samu na leda da ake sayarwa ba. A fara ba yaro tun daga gida, in ya ƙi sha ko ido ya faɗa a garzaya asibiti.

Sai maganar allurar rigakafi, wadda wasu ke rufe wa ma'aikatanta ƙofa. Mun san zargin yana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, aka yi shekaru ana shari'a. Ba wanda ya manta. Amma mu tuna ɗaya rabin labarin ma. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano, ba a dawo ba sai 2004, cutar ta bazu har ƙasashen waje, yara suka nakasa. Da sarakuna da malamai suka sa hannu aka koma bi gida-gida, sai ga shi ranar 25 ga Agusta 2020 an bayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Su wa suka yi wannan aikin? Waɗanda ake kira duba-gari ɗin nan.

Mashaƙo kuma ba labarin da ba ne. Tun ƙarshen 2022 ta tashi a Kano, a 2023 aka tabbatar da ita a nan Abuja. Allurar da ke tare ta ana yin ta kyauta, a sati shida da sati goma da sati goma sha huɗu da haihuwa, ta ƙyanda kuma a wata tara, a maimaita a wata goma sha biyar. Likitocin sun ce ƙyanda ba ta daina yawo a unguwa sai kusan yara 95 cikin 100 sun samu allura. Ke nan wanda ya ɓoye nasa a ɗaki ya buɗe wa cuta ƙofar maƙwabcinsa. Mu kuma mutanen tasha ne, kullum baƙi na sauka daga Kano da Katsina da Maraɗi, abin da ya tashi can kwana ɗaya ne ya iso mu.

Mai cewa ai komai ƙaddara ne, gaskiya ya faɗa, amma bai fi Sayyidina Umar tawakkali ba. Da ya nufi Sham ya ji annoba ta sauka, juyawa ya yi da jama'arsa. Mu da muke kulle shago da kwaɗo biyu, ba mu da bakin cewa allura rashin dogaro da Allah ce.

Mai ganin fannin ƙasƙanci ne kuma, ya tambayi tarihin marigayi Farfesa Umaru Shehu na Borno, malamin lafiyar al'umma a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wanda har ya shugabanci jami'ar Nsukka. Ko Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, wanda ya tsaya kai da fata a kan ƙananan asibitocin unguwa.

Ga abin da muke nema. Iyaye su daina karya gwiwar ɗan da ya zaɓi wannan fanni. Kwamitin unguwa ya zagaya ya auna tsakanin kowace rijiya da masai kafin damina, ya kira mai gidan da ya saɓa. Kowane magidanci ya ɗauko katin rigakafin yaransa yau da dare ya duba inda aka tsaya. Likitocinmu masu shirin jarabawa kuma, muna musu addu'ar nasara, amma bayan sallar La'asar ta ranar Asabar harabar masallaci a buɗe take, su zo su karanta mana abin da suka haddace da Hausa. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya.