Raddi ga Masu Cewa Injin Kwale-kwale da Kansa Zai Daidaita Silo Bayan Gyara

Akwai maganar da ake ji a bakin wasu bakanikai na bakin ruwa, cewa idan aka sauke injin kwale-kwale aka sa masa sabon fistin da ringi, sannan ya ƙi tsayawa a silo, wato gudu mafi ƙanƙanta da inji ke yi ba tare da an ba shi wuta ba, to babu abin damuwa, ƙarfe ne bai saki ba, sai a ƙara silo a ci gaba da aiki. Wannan magana kuskure ce mai haɗari, domin injin da ake magana a kansa shi ne ke ɗaukar mutane da kaya a Kogin Kwara da Tafkin Chadi.

Hujjarsu ta farko tana da ɗan ƙamshin gaskiya. Sabon ringi yana bukatar lokaci kafin ya zauna, shi ya sa kamfanin Yamaha ya tanadi awa 10 na farko a matsayin lokacin lallaɓa inji, inda ake ninka baƙin mai, a zuba lita 1 cikin lita 25 na fetur maimakon lita 50. Wannan yakan jawo hayaƙi, ya ɓata fulogi, ya sa silo ya yi nauyi. Sai dai alamarsa sananniya ce, fulogi yakan fito baƙi kuma jiƙe, matsalar tana raguwa kullum. Injin da silonsa ke hawa yana sauka, yana atishawa ta kafireta, fuloginsa ya fito fari a bushe, ba rashin sakin ƙarfe ke damunsa ba, iska yake sha ta inda bai kamata ba.

Dalili yana cikin ƙirar injin. Inji mai bugu biyu, irin Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 40 da masunta suka sani, ba ya kai haɗin mai da iska kai tsaye ga silinda, sai ya fara zuƙo shi cikin ɗakin kiranshaf ya matse shi a can, don haka ɗakin yana aiki ne kamar zugazugin maƙeri, wanda huji ɗaya ya isa ya kashe masa ƙarfi. To wannan ɗakin ne ake tsagawa gida biyu a lokacin gyara, kuma a nan ne ake mayar da tsohon sil na kiranshaf saboda tsimi, ko a bar ɓurɓushin tsohon gasket, ko a ɗaure kusoshi ba bisa jeri ba. Haka kuma bawul ɗin rid, wato siraran ganyayen ƙarfe da ke hana haɗin komawa baya, idan ɗaya ya ɗage bai rufe ba, silo ba zai zauna ba.

Wannan bayani shi ne amsar hujjarsu ta biyu, cewa ai injin yana gudu lafiya idan an ba shi wuta. A silo maƙogwaron kafireta kusan a rufe yake, mai kaɗan ne ke bi ta ƙaramin jet mai siririn rami, saboda haka ɓarauniyar iska komai ƙanƙantarta tana rinjayar haɗin, alhali a babban gudu takan ɓace cikin yawan abin da ke shiga. Babban gudun ya ɓoye cutar ne kawai.

Cewar da suke yi wai ƙara silo ba ya cutarwa ita ce mafi muni. A irin wannan inji baƙin mai tare da fetur yake tafiya, duk silindar da fetur ya yi wa kaɗan to man shafawa ma ya yi mata kaɗan, sai ta ɗauki zafi, fistin ɗin da aka saya da tsada ya karce ko ya kama. Ga shi kuma sa giya a kan silo mai yawa yana cinye haƙoran da ke kama giyar, kuma direba yakan rasa ikon tafiya a hankali daidai lokacin da yake kusantar gaɓa da fasinjoji.

Gwajin tayar da inji cikin duron ruwa da suke kafa hujja da shi bai isa shaida ba, domin hayaƙin injin a ƙarƙashin ruwa yake fita, kuma nauyin ruwa da na farfela suna rage gudu, don haka silo na gaskiya a kan kwale-kwale ake saita shi, inji da ɗumi, a duba shi cikin giya, bisa adadin da littafin injin ya bayar.

Abin da ya wajaba shi ne bincike bi da bi. A auna matsin kowace silinda, bambancinsu kada ya wuce kimanin kashi 10 cikin 100, a duba wuta da taimin da sandunan da ke haɗa shi da kafireta. Idan jan cok kaɗan ya gyara silo, mai ne ya yi kaɗan, sai a wanke ƙaramin jet da iska, ba da waya ba. Idan matsa robar tiyon mai ne ya farfaɗo da shi, a buɗe famfon mai a duba fatarsa. Idan duk waɗannan sun fita lafiya, sai a toshe mashigar haɗi da mafitar hayaƙi, a hura iska kaɗan cikin ɗakin kiranshaf, a shafa ruwan sabulu a kan sil da mahaɗai, duk inda kumfa ya taso nan ne za a sake buɗewa.