Hotunanka suna Google, amma ka riƙe kwafi a hannunka

Sau da yawa za ka ji mutum ya ce, "Ai hotunana suna Google Photos, ko waya ta faɗa ruwa ba ruwana." Da gaskiyarsa, amma ba duka ba.

Ga yadda abin yake. A manyan cibiyoyin ajiyar bayanai, ba a ware maka faifai guda a ce wannan naka ne. Manhaja ce ke haɗe dubban faya-fayan ajiya su zama rumbu ɗaya, sannan ta yanka wa kowa kasonsa, kamar 15GB ɗin da Google ke ba ka kyauta. Irin aikin da Ceph da vSAN na VMware ke yi ke nan. Tun a 2003 Google ya bayyana tsarinsa na GFS, mai datsa fayil gunduwa-gunduwa, ya ajiye kowace gunduwa a kwamfutoci uku. In faifai ɗaya ya mutu, sai manhajar ta sake kwafa daga sauran, kai ko labari ba za ka ji ba.

To ina matsalar? Wannan dabara maganin lalacewar na'ura ce kawai. In ka goge hoto a cikin Google Photos, a ko'ina ya gogu. Abin da ka jefa kwandon shara na Drive, bayan kwana 30 ya tafi. In aka sace maka asusu, kwafi ukun nan ba su tsinana maka komai. Kuma daga Disamba 2023, Google na iya share asusun da ya shekara 2 ba a taɓa shi ba.

Ko ginin ma ba shi da tabbas. A watan Maris 2021 gobara ta cinye wata cibiyar OVHcloud a Strasbourg ta Faransa, wasu da ba su da kwafi a wani wuri suka yi asarar bayanansu har abada.

Shawarata: ka ci gaba da ajiya a intanet, amma guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Shiga Google Takeout ka sauke hotunan iyali da takardun makaranta, ka zuba a filash ko kwamfuta. Ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka kuma duba ko lambar da ke kan asusunka tana hannunka har yanzu.

Ka tura wa 'yan uwa su ma su amfana.