Karen da ke da fasfo, da karen da ke bayan mota

A ƙasashen Turai, idan lokacin hutu ya zo, magidanci yakan ɗauki iyalinsa da karensa su tsallaka iyaka tare. Karen yana da ɗan littafinsa mai lamba da hatimin likita, wanda suke kira fasfo. Duk sa'ad da wannan zance ya faɗo a majalisar ƴan kasuwa, a Agadas ko a Maraɗi, dariya ake yi, a ce abin duniya ya yi wa Nasara yawa. To, amma wanda ya san dalilin wannan littafi ba zai daɗe yana dariya ba, domin ba don gata aka yi wa kare shi ba. An yi shi ne don tsoron ciwon haukan kare.

Ga misali. A shekarar 2001 aka tabbatar da cewa Faransa ta rabu da wannan ciwo a dabbobinta na ƙasa. A 2004 wani matafiyi ya shigo da ɗan kwikwiyo daga Maroko ba tare da takarda ba, karen ya mutu da hauka a yankin Bordo, hukuma ta shiga cigiyar duk wanda ya taɓa shi. A 2008 aka gano cewa wani kare da aka shigo da shi daga Maroko ya harbi waɗansu, har ƙasar ta rasa matsayinta sai a 2010. A 2015 kuma wani mutum ya tafi Aljeriya da karensa, suka yi kusan mako biyu, suka komo cikin watan Mayu. Ba a jima ba karen ya ciji mutane, ya mutu, bincike ya nuna hauka ce.

Saboda irin wannan ne dokar Tarayyar Turai ta tsananta. Karen da zai shiga can daga Nijar ko Aljeriya, da farko sai an sa masa wata ƴar ƙwaya mai lamba a ƙarƙashin fata, girmanta kamar ƙwayar shinkafa. Sannan a yi masa allurar rigakafi, bayan ya kai mako 12 da haihuwa. Bayan kwana 30 a ɗibi jininsa, a aika ɗakin binciken da Turai ta amince da shi, don a ga ko allurar ta kama. Daga ranar ɗibar jinin sai an jira wata 3, kana likitan dabbobi na gwamnati ya sa hannu a takardar lafiya. Ma'aikacin da aka tura aiki ko karatu waje, yana son tafiya da karen gidansa, sai ya fara shiri wata huɗu ko biyar kafin ranar tashi. In ba haka ba, a filin jirgi za a tsare karen, ko a komo da shi, ko a kashe shi, kuma mai shi ne zai biya.

Ƙasar Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan harka. Karen Buzaye mai dogayen ƙafafu, wanda Turawa suka laƙaba wa sunan kwarin Azawak, tun shekarun 1970 ma'aikatan Turawa suka fara tafiya da shi gida. Ƙungiyar masu kiwon karnuka ta duniya ta amince da shi a farkon shekarun 1980, ta Amurka kuma a 2019. A can ana sayensa da tsada, ana rubuta asalinsa kaka da kakanni. A nan inda ya fito, ɗan'uwansa yana tsaron garke yana farauta, sau da yawa bai taɓa ganin allura ba.

A nan ne maganar Cibarakaten ta shigo. Tun da aka gano zinariya a wurin a 2014, shekarar da aka gano ta Jado, wannan fili da ke can arewacin jihar Agadas, dab da iyakar Aljeriya, ya zama gari. Mutane sun zo daga ko'ina cikin Nijar, da Cadi, da Sudan, da Najeriya. Ruwa da mota ake kawo shi daga nesa, haka abinci da man fetur. Inda duk aka tara jama'a da mahauta da juji, kare ba ya rasa zuwa, wani a bayan mota, wani biye da makiyaya. Ɗan duwan yana duba takardar kaya, jandarma yana duba ta mutum, amma da wuya a ji wanda ya tambayi ta kare. Ga shi kuwa ciwon yakan ɓuya a jikin dabba makonni ko watanni kafin ya bayyana. Karen da ya hau mota lafiya lau yana iya sauka da ajalin wani.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 59,000 ke mutuwa da wannan ciwo a kowace shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya. Kashi 99 cikin ɗari daga cizon kare ne, kuma kusan kashi 40 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun sun fito, wato tsoron ruwa da ruɗewa, babu sauran magani. Amma kafin su fito akwai mafita, tun da Luwi Fasto ya gwada allurarsa kan wani yaro a Faris a 1885, yaron ya rayu. Wanda kare ya ciza, ya wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, sannan ya nemi allura ba tare da jinkiri ba. Mai haƙar zinariya a Cibarakaten kuwa, tsakaninsa da Arlit akwai ɗaruruwan kilomita na hamada, kuma ruwan wanke ciwon ma sai ya saya.

Malaman Malikiyya sun halatta ajiye kare don farauta da tsaron dukiya da gona. Wanda ya ajiye shi kuwa ya ɗauki amana, ta dabbar da ta maƙwabta. Masana sun nuna cewa in aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan wuri rigakafi, ciwon yakan yanke. Kuɗin allurar kare guda bai kai kusa da na jinyar mutum guda da aka ciza ba.

Don haka ɗan kasuwar da ke da motoci a hanyar arewa, ya kamata ya hana direbobinsa ɗaukar karen da ba a san asalinsa ba, ya kuma kai na gidansa ma'aikatar kiwo a yi masa allura, a ba shi takarda. Hukumomin kiwo da na lafiya na jihar Agadas su ma, ya dace su riƙa kai rigakafi wuraren haƙar zinariya, su tanadi allurar mutane a likitar da ta fi kusa. Ranar 28 ga Satumba, wadda duniya ta keɓe wa yaƙi da wannan ciwo, ta isa a fara. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya kiyaye.