Ihu Bayan Hari Ya Isa: Mu Da Majalisar Alausa

'Yan'uwa mazauna Agege, Mile 12, Idi-Araba da sauran zangon Hausawa na Ikko, akwai wani ciwo da ya daɗe yana cinmu, kuma da hannunmu muka jawo shi. Kowannenmu ya san sunan Shugaban Ƙasa da na Gwamna, amma a tara mutum goma a bakin masallaci a tambaye su wane ne wakilin unguwarsu a Majalisar Dokokin Jiha da ke Alausa, sai a ga ana ta sosa ƙeya. Alhali kuwa a zauren nan ne ake yanka abin da ya shafi tuwonmu.

A zamanin Sardauna majalisa biyu ce a Kaduna, ta Wakilai da ta Sarakuna, doka ba ta fita sai ta ratsa su duka. Soja suka rushe wannan tsari a 1966. Tun daga 1979 kowace jiha majalisa guda take da ita, babu wani zauren dattawa a samanta da zai ce a dakata. Saboda haka masu zaton Sarkin Hausawa zai tare doka da rawaninsa, su farka. Girmansa yana nan, amma ba shi da ƙuri'a a zauren.

Ga yadda abin yake tafiya. Tsarin Mulkin 1999 ya ce wakilan majalisar jiha kada su gaza 24, kada su wuce 40. Ta Ikko 40 ce cif, kujera biyu ga kowace ƙaramar hukuma cikin 20 ɗin da jihar take da su. Watau Agege kujera biyu gare ta. In an kawo shirin doka, ko daga Gwamna ko daga wani wakili, sai a yi masa karatun farko, sunansa kurum ake faɗi. A karatu na biyu a yi muhawara a kan manufarsa, sannan a miƙa shi ga kwamiti. A nan ne akan kira zaman jin ra'ayin jama'a, a nan ne ake ragi da ƙari. Kwamiti ya kawo rahoto, a yi karatu na uku, a aika wa Gwamna. Kwana 30 gare shi ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, kashi biyu cikin uku na wakilai suka sake amincewa, ta zama doka ko yana so ko ba ya so.

Majalisar nan ce ke amincewa da kasafin kuɗi, ita ke tantance kwamishinoni, ita ke iya tsige Gwamna. Dattawanmu ba su manta da yadda Majalisar Kaduna ta hana Alhaji Balarabe Musa kafa kwamishinoni, ta kuma tsige shi a watan Yunin 1981 ba. Nan Ikko ma, a watan Agustan 2023, majalisa ta ƙi mutum 17 cikin 39 da Gwamna Sanwo-Olu ya aika mata. Wanda ya ce wannan zaure 'yan amshin shata ne kawai, bai karanta tarihi ba.

To, ina muke sa'ad da ake wannan aiki? Dokar hanya ta 2012, wadda ta hana acaɓa bin tituna 475, ta wannan zaure ta bi. Dokar sufuri ta 2018 ta biyo baya, da ita aka dogara ranar 1 ga Yunin 2022 aka haramta acaɓa ɗungum a ƙananan hukumomi shida, har da Ikeja da Apapa. Sai da aka fara kwashe babura ana niƙewa sannan kuka ya tashi, aka shiga neman wanda zai kai mu gaban Gwamna. Ai tun ran gini ran zane.

Wani zai ce: ai an je. Gaskiya ne, a watan Satumban 2021 wakilan Miyetti Allah sun halarci zaman jin ra'ayi a kan dokar hana kiwon sake, sun faɗi nasu, amma majalisa ta zartar da ita cikin 'yan kwanaki. Darasin da ke nan a fili yake. Ɗan siyasa yana sauraron baki ne gwargwadon ƙuri'ar da ke bayansa. Mu kuwa da zaɓe ya ƙarato sai mu cika motoci mu nufi Kano da Katsina da Sakkwato, mu zaɓi wakilin da ba zai taɓa yin doka a kan kasuwar Mile 12 ko mayankar Oko-Oba ba, mu komo mu zauna ƙarƙashin dokar wanda ba mu zaɓa ba.

Masu cewa baƙo raɓa ne, ba ruwansa da sha'anin gari, su gaya mana: mutumin da kakansa ya sauka Agege fataucin goro tun zamanin Turawa, aka haifi ubansa nan, aka haife shi nan, yana biyan haraji nan, wace irin raɓa ce wannan da rana ba ta busar da ita ba? Sashe na 106 na Tsarin Mulki ya nemi mai son kujerar majalisa ya zama ɗan Nijeriya, mai shekara 25, mai ilmin sakandare, wanda jam'iyya ta tsayar. Bai tambayi garin kakansa ba. Kuma kada a raina kujerar Agege. Mai riƙe da ta ɗaya, Mudashiru Obasa, ya hau shugabancin majalisa a 2015. Wakilai suka tuɓe shi ranar 13 ga Janairun 2025, ya koma ranar 3 ga Maris. Duk wannan dambarwa a kan mutumin da ake ƙirga ƙuri'unsa a lungunanmu aka yi ta.

Abin yi ba boyayye ba ne. Kowa ya je ofishin hukumar zaɓe ya maido da rajistarsa inda yake kwana yake tashi. Ƙungiyoyin 'yan goro, mahauta, 'yan gwari da direbobi su naɗa masu ilmi cikin 'ya'yansu su riƙa bin abin da ke gaban kwamitoci, su kai takardar ra'ayi a rubuce tun kafin karatu na uku. Shugabanninmu kuma su rage zaryar ɗaukar hoto a gidan gwamnati, su san ƙofar ofishin wakilin mazaɓarsu. Mu yi wannan cikin ladabi da zaman lafiya da Yarabawa maƙwabtanmu, gama ramin titi da ambaliya ba sa tambayar ƙabila. In kunne ya ji, jiki ya tsira.